Kwalekwale Mai Kewar Kututturensa

Da sunan Wanda ya ɗaga tudu ya kwantar da ruwa, ya ba wata ƙasa ƙishi ya ba wata ambaliya, bai shawarci kowa ba. Ku matso kusa, ku da aka haifa a wannan tsibiri, ku da ba ku taɓa ganin jaki ba balle ku ji kukansa. Kun daɗe kuna tambaya me ya sa tsohon nan ke hawa tudu kullum da salka a kafaɗa, alhali ruwa ya kewaye mu ta ko'ina. Yau zan faɗa muku. Wanda dariya ta zo masa ya yi abarsa, ni ma na sha yi wa kaina.

Sunana Korau, dillalin jakuna, mutumin Tudun Fako. Garinmu yana can bayan duwatsu, inda ruwan sama ke zuwa kamar baƙon da bai yi niyyar kwana ba. A can, in hadari ya taso, ba tukunya, ba turmi, ba ko ludayi da ake bari a kife. Abu biyu ke jawo wa yaro duka: ya zagi babba, ko ruwa ya sauko ya tarar da ƙwarya a kife a gabansa. Na sha dukan na biyun tun ban iya ɗaure wando ba.

Mu biyu Inna ta haifa. Yayana ya zo duniya ana tsuga wani ruwa da tsofaffi ba su daina labarinsa ba, aka sa masa Anaruwa. Ni kuwa ina ciki mahaifinmu ya sallame ta, ta haife ni a ɗakin aro, aka sa mini Korau. Ba ta taɓa hana ni tuwo ba, ba ta taɓa zagina ba. Amma in ta dubi Anaruwa damina take gani, in ta dube ni ranar da ta ɗaure kayanta take tunawa. Na sani, ta san na sani, muka zauna a haka.

Wata shekara fatake suka kawo labarin Tsibirin Maɗatai, can a ƙarshen ƙasar ruwa, wai akwai gero a wurin da ruwa ɗaya ke isarsa ya nuna. Anaruwa ya ji, barci ya ƙaurace masa, ya ɗaure guzuri ya tafi. Shekaru suka yi ta wucewa, ba shi ba labarinsa. Inna ta mai da ƙofar gida wurin zamanta, idonta ya fara dushewa, ta koma tsakurar abinci kamar tsuntsu.

Wata rana na kai mata tuwo na ce, “Inna, ki daure ki ci.”

Ta ce, “Rufe wa yayanka, ya kusa.”

Na tsuguna na ce, “Inna, ko in je in nemo shi?”

Ta juyo ta dube ni, irin duban da ban taɓa samu daga gare ta ba. Ta ce, “Je ka. Amma kada ka dawo mini sai da shi.” Na jira ragowar maganar, ko “Allah ya kiyaye hanya” ce. Sai ta mai da fuskarta ga hanya.

Na kora jakunana gaba ɗaya na kama hanya. Na ratsa dajin da duwatsunsa ke kuka in rana ta take, na ratsa ƙasar da tururuwa ke gina suri ya fi rimi tsawo, mutane suna zaune a ƙarƙashinsa suna biyan haya da dusa. Na yi ta tafiya har ƙasa ta fara laushi a ƙarƙashin kofato, iska ta fara warin kifi. Nan na iso Kwatar Bado, inda tudu ya ƙare, ruwa ya karɓa har iyakar gani.

Kasuwar kwalekwale na fara nema, da na gan ta kuwa sai na ji kamar a gida nake. Kowane kwalekwale an ɗaure shi a turke, kowanne yana jan igiyarsa, wannan ya nufi gabas, wancan kudu, alhali ruwan a kwance yake ko motsi ba ya yi. Na zaɓi wani na ƙwanƙwasa haƙarƙarinsa, na shafa gadon bayansa, na sunkuya ina leƙen gabansa.

Wani tsoho mai gizago a kafaɗa ya ce, “Ɗan tudu, haƙori kake nema? Ba shi da shi.”

Shi ne Tunau masassaƙi. Da ’yan kasuwa suka gama dariyarsu, ya zaunar da ni a kan gungume ya karantar da ni.

Ya ce, “A nan ba a tambayar shekarun jirgi, kututturensa ake tambaya. Itace in ya faɗi ruwa ya kwashe shi, bai san komai ba, inda aka kai shi nan ya nufa. Amma ranar da aka ƙwaƙule masa ciki, ranar yake fara kewar inda aka saro shi. Ka kwance shi, can zai nufa, ƙarti goma ba sa juya shi. Filafilin tuƙi na kauce wa dutse ne kawai.”

Na ce, “Ashe jaki ne, ya san turkensa.”

“Oho, kai ka san jaki. Abin da na sani, mai tafiya jirgi biyu yake saye. Na zuwa, wanda kututturensa ke inda za shi, da na dawowa, wanda nasa ke nan gida. Na dawowar a shanya shi ya bushe, a kife shi a kan na zuwa. Jirgi a kife barci yake. Ruwa ya doki bayansa ba komai, amma ya taɓa cikinsa, ya farka ke nan.”

Na ambaci Tsibirin Maɗatai. Na kwatanta masa Anaruwa, dogo, mai wushirya.

Ya ce, “Na tuna shi. Ni na sayar masa da na zuwa. Na ce ya haɗa da na dawowa, ya ce guzurinsa bai kai ba, kuma tsibirin cike yake da itace, zai sassaƙa a can. Na ce yaro, wanda ka sassaƙa a can ai kututturensa na can. Ya nuna mini dantsensa, ya ce kewar itace ba ta fi wannan ba. Duk ’yan tudu haka suke ce mini, ban kuwa taɓa ganin ƙeyar ɗaya ta dawo ba.”

Ya kai ni can ƙarshen kwata, inda aka ɗaure wani jan kwalekwale na maɗaci da sarƙa, don igiya ba ta riƙe shi. Sarƙar a miƙe take kamar tsirkiya. Ya ce da can duk ambaliya sai ta kawo gumagumai daga tsibirin, yanzu kuwa an daɗe ba a ga ko reshe ba, wannan shi ne na ƙarshe. Ya ce in na saye shi, to in sani ba wani a bayansa.

“Kuma ba na sayar maka sai ka zo da jagora. Na gaji da aika mutane lahira da gumina.”

Jagorar da aka nuna mini mace ce, Iya Gwamma, gajera, kakkaura, muryarta kamar ana jan turmi a ƙasa. Sana’arta ke nan tun tana budurwa: ta haɗa wa baƙo guzuri, ta kai shi inda kifi yake ko inda ake haƙar gishiri, ta kafa masa zango, ta dawo da shi da ransa. Ta ji buƙatata tana gyaran komar kamun kifi, ba ta ko ɗago kai ba.

Ta ce, “Ban taɓa zuwa ba, uwata ma ba ta je ba. Amma tun ina yarinya nake kallon jajayen nan suna jan sarƙa, ina so in ga abin da suke ja dominsa. Kawo kayanka in gani.”

Na baje su a tabarma. Ta bi su da ɗan yatsan ƙafa. Bargo ta ture, ta ce in ya jiƙe ya fi gawa nauyi. Takobi ta ture, ta ce kada ba ya jiran a zare. Ta bar gumba da ƙuli-ƙuli, ta ƙara busasshen kifi, danƙon toshe ɓaraka, igiyar kaba, da ƙyastu a cikin gora mai murfi. Da ta zo kan salkunana sai ta riƙe ƙugu ta kira maƙwabta.

“Ku zo ku ga ikon Allah! Mutum zai shiga ƙasar ruwa ya ɗauko ruwa daga gida!”

Na ce, “Iya, a garinmu mutum ya mance wandonsa ya fi ya mance salka.”

“To, ɗauki ɗaya, don kada ka yi kuka. Wannan dutsen fa?”

“Kanwa ce, ta jakuna.”

“Jakunan da za ka sayar? Kai dai ɗan tudu, Allah ya shirye ka.” Amma ta bar mini ita, ina jin don ta gaji da musu ne.

Sai muka zo kan babbar magana. Nata kwalekwalen na dawowa ƙarami ne, mutum biyu yake ɗauka, na uku ya hau sai su nutse gaba ɗaya. Mu kuwa uku za mu dawo, in Allah ya sa Anaruwa na da rai. Don haka na koma wurin Tunau na sayi wani ƙarami, mai kututture a bayan gidansa, har ya kai ni na dafa kututturen da hannuna. Gwamma ta ce a dawowa za ta ɗaure shi a bayan nata, ni da yayana mu zauna mu riƙe bakinmu. Jakunana duka suka tafi a cinikin, har da wata tsohuwar jakata mai wayo, wadda Gwamma ta karɓa ladanta. Ban taɓa yin ciniki marar riba da farin ciki irin wannan ba. Na ga na fi Anaruwa dabara, sau ɗaya a rayuwata.

Aka kife ƙananan biyu a kan jan, aka lulluɓe da tabarmi, muka shige ƙarƙashi. Tunau ya kwance sarƙa, ban gama bisimilla ba Kwatar Bado ta koma kamar tsinke a bayanmu.

Muka shiga ƙasar burugu, ciyawar da ta fi raƙumi tsawo, tana buɗe mana tana rufewa a bayanmu. In la’asar ta yi, Gwamma ta nemi tudu ta jefa igiya a bishiya, mu taru mu ɗaure jan yana fizga. Mu sauke ƙananan a kife su zama rufinmu, ta hura wuta, ta gasa kifi, ta yi ta yi mini dokoki. Kada ka taka inda tsuntsu bai taka ba. Kada ka wanke hannu sau biyu a wuri ɗaya, kada na lura. Kada ka ɗaga jirgi mai barci. Na ce to, na ce to, har “to” ɗin ta gundure ta.

Wata safiya muka iso wata matsatsiyar hanya tsakanin duwatsu biyu, muka tarar dorinai sun cika ta, bayansu kamar an jera turame. Jan kwalekwale bai san tsoro ba, kai tsaye ya nufe su. Gwamma ta soka filafili a tsagar dutse ta riƙe, jijiyoyin wuyanta suka tashi.

Ta ce, “Ba zan daɗe ba, ɗan tudu. In kana da addu’a, yi.”

Na dubi dabbobin nan, na ga kunnuwansu ƙanana suna kaɗawa, na ga wata tsohuwa a gefe wadda duk in ta motsa sauran sai su motsa. Na ce a raina, wannan ai garke ne, garke kuwa na san shi. Na fasa kanwa na jefa mata guntu. Ta shinshina, ta lasa, idonta ya lumshe. Na jefa wani gaba kaɗan, wajen wata fadama, na yi mata irin tsakin da nake yi wa jakata. Ta bi, garken ya bi ta. Gwamma ta saki dutse muka wuce kamar kibiya.

Da ta sami numfashi ta ce, “Korau, ashe kanka ba na ɗaukar rawani ba ne kawai.” Ranar ta fara kiran sunana, na kuwa ji daɗi har kunya ta kama ni.

Daga nan muka faɗa Tafkin Ɗaci. Ruwa ne shuɗi mai kyan gani, amma ɗigo ɗaya ya taɓa harshe sai ka yi ta tofi har yamma. Ba kifi, ba tsuntsu. Nan Gwamma ta daina yi wa salkata dariya, muka koma kurɓa da murfin gora, har ta lanƙwashe ta zama fata kawai. Leɓunanmu suka tsage. Muka sami wani tsibirin laka muka yi zango da rana tsaka, muka kife ƙananan a kan gangare, Gwamma ta ɗauki sanda ta ce za ta zagaya ko Allah zai sa ta dace da idon ruwa.

Tana ɓacewa hadari ya haɗo. Iska ta kaɗa, na ji ƙamshin nan, ɗigon farko ya faɗo mini a goshi.

Ku da kuka tashi cikin ruwa ba za ku gane ba, ban kuma ce ku gane ba. Ban yi tunani ba, ban yi shawara ba. Na ga ruwa na zuba, na ga abu mai ciki a kife a gabana, hannuwana suka yi abin da aka koya musu da bulala. Kafin kaina ya iso inda hannuna yake, na riga na birkice ƙaramin kwalekwalen da na saya, ruwa na kiɗi a cikinsa, ina tsaye ina murna. Ko yau ka kawo kowane ɗan Tudun Fako ka tsayar a wurin, abin da zai yi ke nan.

Kwalekwalen ya yi wata girgiza kamar jakin da ƙuda ya ciza. Ya sulale a kan laka. Na yi tsalle na kama gefensa, ya ja ni rub da ciki har cikin tafki, na sha ɗaci na ƙoshi, ya fizge ya tafi. Ina kallo ya nufi bayan gidan Tunau, ruwan da na tara yana ciki.

Gwamma ta dawo a guje ta tarar da ni zaune cikin laka. Ta dubi inda jirgin yake da, ta dube ni. Na jira zagi, na ma so ta zage ni. Sai ta ɗauki salka ta buɗe bakinta, ta tara a gefen tabarma inda ruwa ke zuba har ta cika, ta miƙo mini.

Ta ce, “Sha. Ga yadda ake yi.” Can ta ƙara da cewa, “Nawa na mutum biyu ne, ni kuwa ina da jikoki. Ka ji ni?”

“Na ji, Iya.”

“In ka ce mu koma, yanzu sai in tashi nawa, mu saki jan ya tafi abinsa. Ba wanda zai zarge ka.”

Na tuna ƙofar gidanmu da wadda ke zaune a wurin. Na ce, “Akwai wadda za ta tambaye ni ina yake.”

Muka ɗora nata a kan jan muka ci gaba. Daga ranar ban ƙara jin daɗin abinci ba. Na yi ta juya lissafin ko zai ba da uku, ya ƙi.

Ƙarshen tafkin wani farin gajimare ne da ya sauko ya zauna a kan ruwa, kun san shi, ga shi can. A cikinsa ba gabas ba yamma, komai ɗiga yake yi, tufa da gashi da gashin ido. Gwamma ta rungume nata jirgin ta toshe kowace kafa da tabarma. Jan kuwa gudu ya ƙara, har itacensa na wani kuka siriri. Muka fito cikin rana kwatsam, ya haye yashi, ya ja jiki har gindin wani ruɓaɓɓen kututture, ya kwanta. Bai sake motsi ba har yau.

Na ɗaga kai ina neman maɗatan da aka sa wa tsibirin sunansu. Babu ko ɗaya. Kututture ne tun daga bakin ruwa har kan tudu, kowanne da kwalekwale kwance a gindinsa. Iyayenku da kakanninku ne suka sare su, kowa yana cewa nasa zai fita. Su shanya shi ya bushe, su shiga gajimare suna tuƙi, raɓa ta ɗiga a ciki, ya farka ya dawo da su. Haka suka yi ta yi har itace ya ƙare, shi ya sa ambaliya ta daina kai wa Tunau komai.

Mutane suka taru, a cikinsu na hango wushirya a bakin wani mai furfura.

Na ce, “Yaya.”

Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, “Korau? Kai ma?” Ya rungume ni yana kuka yana dukan bayana. “Wawa, wa ya aiko ka? Inna fa? Tana da rai?”

“Na bar ta da rai, a ƙofar gida. Kullum sai an rufe maka tuwo.”

Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Daga baya ya kai ni bukkarsa ya nuna mini gora cike da irin geron nan. Gaskiya ne ashe, ruwa ɗaya ke isarsa. Ya same shi tun shekarar da ya zo, yana ta sabunta irin, yana jiran hanya. Na gaya masa komai, har da ruwan saman Tafkin Ɗaci. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce shi ma da haka zai yi, sannan dariyar ta tsaya.

Ya ce, “To, magana ta ƙare. Kai za ka koma, ka kai iri. Ni na saba da nan.”

“Yaya, ba gero take jira ba.”

“Ni ne babba, na kuwa faɗa.”

“Cewa ta yi kada in dawo sai da kai.”

“Sai ka ce mata na mutu.”

“In na faɗa mata haka, ranar za a binne ta. Kai ma ka san wanda take son gani.”

Ya daka mini tsawa ya ce in rufe masa baki, wai uwa ba ta bambanta ’ya’ya. Ya faɗa yana kallon ƙasa. Na ce to, Yaya, yadda ka ce. Ban taɓa yi masa musu ya yi nisa ba, don haka ya yarda.

Sauran mutanen tsibiri sun zo sun kewaye jirgin Gwamma suna shafa shi, wasu suka roƙe ta, wani ya yi barazana. Ta zauna a kansa da filafili a cinya, ta ce wanda ya ɗauko ta shi ke da wurin, wanda kuma ya ƙwace ba zai wuce dorinai ba. Suka watse. Na same ta ita kaɗai na gaya mata abin da nake so.

Ta ce, “Ka tabbata? Ba wani jan jirgi a kwata. Ko ina so, ba ni da abin dawowa.”

“Na sani, Iya. Ki dai riƙe shi da kyau, bai iya ruwa ba.”

Ta dube ni ta girgiza kai. “Uwarka ba ta san abin da ta haifa ba.”

Da safe aka birkice jirgin a hankali, aka ɗora shi a kan ruwa marar zurfi, cikinsa a bushe ƙayau, yana barcinsa. Gwamma ta zauna a baya. Na tsaya a gefe da salka a kafaɗa kamar mai shirin hawa. Ta ce wa Anaruwa, “Kai mai gero, ni ban san yadda ake ajiye abin nan ba. Shigo ka cusa shi can ƙarƙashin gaba da hannunka, kada ya jiƙe.”

Ya shiga ya durƙusa yana cusa gora. Na kwance bakin salka na juye ta duka a cikin jirgin.

Jirgin ya girgiza. Anaruwa ya ɗago, ya ga ruwa a gwiwarsa, ya ga salka a hannuna, ya gane. Ya yunƙura zai diro, Gwamma ta taka rigarsa ta danna masa filafili a kafaɗa. Kafin ya ƙwace sun yi nisan da ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Yana ta ihu yana kiran sunana, yana zagina, yana faɗin wasu abubuwa da iska ta kwashe. Na tattara muryata na ce, “Ka gaida Inna!” Gajimare ya rufe su.

Ban sani ba ko sun wuce Tafkin Ɗaci. Ban sani ba ko kanwar da na ba Gwamma ta ishi dorinai. Ban sani ba ko ya tarar da ita a ƙofar gida, ko kuwa ƙofar kawai ya tarar. Tun ranar ba abin da ya fito daga gajimaren nan sai raɓa, kuma baƙin cikin rashin sanin ya fi mini na zaman.

Shekarar farko ban yi komai ba sai zama a bakin ruwa. Daga baya na tsinci ’ya’yan maɗaci a ƙarƙashin wani tsohon jirgi, na kai su can kan tudu inda ambaliya ke yanko ƙasa, na shuka. Wurin fako ne kamar garinmu, shi ya sa nake kai musu ruwa da salkar da aka yi wa dariya. Biyar suka tsiro, akuyoyinku suka ci biyu. Na yi wa sauran shaidar da nake yi wa jakunana, wadda duk Kwatar Bado ta sani. In sun girma, in wata iska ta karya ɗaya, in ambaliya ta fitar da shi, in akwai sauran mai sassaƙa a kwata, wata rana wani zai fito daga gajimaren nan da labarin tudu. Yanzu kaurinsu bai wuce cinyata ba, ni kuwa kun ga yadda nake hawa tudun, sai na huta a hanya.

Don haka na tara ku. Kada ku sare su, ko wa ya ce muku nasa jirgin zai fita. In baƙon ya zo ba na nan, ku ba shi ruwa ya sha, ku bari ya huta. Sannan ku tambaye shi ko ya ji labarin wata tsohuwa a Tudun Fako da ɗanta ya dawo mata da gero. In ya ce ta gan shi kafin ta rasu, ku hau tudu ku faɗa a gindin itatuwan, zan ji.

Akwai tambaya ta biyu, ko da ta gama rungumarsa ta ce, “Ina Korau?” Wannan kada ku yi masa ita.